Shirun Gindin Rimi

Evelio, mijina, rabin raina, inuwata idan rana ta take, iskar tekun da ke shigo mini ta taga bayan an wuni cikin zafi, ruwan farko a kan rufin da rana ta gasa,

Ranar bikin birni ce ta raba rayuwata biyu. Kafin ranar, ni ce matarka mai yawan mafarki, wadda kake tararwa tana share hawaye a kan littafi alhali wake na ƙonewa a tukunya. Bayan ranar kuwa, ban san da wane suna zan kira kaina ba. Na ɗauki alƙalamin nan na ajiye har yatsuna sun gaji. Duk kalmomi masu zaƙi da na tara daga littattafan soyayya sun watse sun bar ni, kamar tattabarun dandali idan an buga ƙararrawar coci. Kunya kaɗai ta rage. Ita ce ke zaune kusa da ni a teburin nan da ka haɗa mana da katakon tsohuwar ƙofa, ita ce kuma take riƙe da hannuna ina rubuta maka.

Ka tuna yadda safiyar ta fara? Tun jajibere Mima, mahaifiyarka, ta tsallako daga Regla a jirgin fito ta ja mini kunne: daga lokacin da na buɗe ido har in gama zagaye rimin Dandalin Makamai sau uku, kada kalma ɗaya ta fita daga bakina, in ba haka ba roƙona ya zube sai baɗi. Da ka ga na tashi ina haɗa maka gahawa ba ko gaisuwa, sai ka fashe da dariya ka ce, "Yau dai kunnuwana za su yi hutun shekara." Na harare ka, na ɗora yatsa a kan leɓena. Ka sunkuyo ka sumbaci yatsan, ka ɗauki jakar kayan aikinka ka fita kana 'yar waƙarka. Ina jin waƙar tana sauka a matakala, tana ratsa tsakar gida inda mata ke layin ruwa, har titi ya haɗiye ta. Yatsa ɗaya a kan leɓe, Evelio. Shi ya ishe mu fahimtar juna da safe. Me ya same shi da rana ta yi tsaka?

Abu uku na shirya roƙa. Na farko, ɗa mai irin idanunka, wanda muka daɗe muna jira, wanda Mima ta fara saƙa wa takalmin ulu tun ba a ga alamarsa ba. Na biyu, kada ƙafarka ta taɓa zamewa a kan katakon gini. Na uku kuwa nawa ne ni kaɗai, ban faɗa wa kowa ba, ko da yake kai ba sai an faɗa maka ba: ɗaki mai baranda yana kallon dandali, inda zan tsaya da la'asar kamar matan cikin littattafaina. Na ɗauko farar rigar leshin nan daga ƙasan akwati, wadda uwargidan da kakata ta yi wa wanki ta ba ta bayan ta gaji da sawa. Na ɗaure gashina sama, na ɗauki maficin hannu mai zanen furanni. Na ce a raina, mai zuwa roƙo ai sai da kyakkyawar shiga. Haka na faɗa wa kaina. Amma tun ina saukowa daga matakala na ji tafiyata ta sake, wuyana ya miƙe, na fara taka ƙasa kamar mai tsoron kada ta ɓata mata takalmi.

Na bi ta Dandalin Babban Coci, ba don hanya ce ba, sai don ina so tsoffin duwatsun nan su gan ni. Rana na zuba a kan hasumiyoyin nan biyu da ɗaya ta fi ɗaya kauri, makaɗa na gyara tsirkiyar jitarsu a ƙarƙashin rumfunan dutse, wata tsohuwa mai fararen kaya na zuƙar ƙatuwar taba a bakin ƙofa. Da yake bakina a rufe yake, ba wanda ya ji muryar 'yar unguwarmu a wurina. Masu sayar da gyaɗa suka kauce mini. Wani baƙo ya ɗaga kyamara, na yi kamar ban gani ba, amma na rage sauri. Ban taɓa sanin shiru na iya yi wa mace ado haka ba, raina, sai ranar.

Layin rimi ya yi tsawo har ya kewaye lambun dandalin, ya wuce teburan masu sayar da tsoffin littattafai. A nan Allah ya haɗa ni da wata dattijuwa mai suna Hortensia, wadda ta dawo daga ƙasar waje bayan shekaru masu yawa, tare da ɗan ƙanwarta Fabricio, dogo, sanye da fararen kaya ba ko ɗigon datti, yana ƙamshin turaren da ban taɓa jin irinsa ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Shiru kike yi, 'yata? Madalla. Ashe da sauran 'ya'yan manyan gida a garin nan. Ni kam bakina ba ya iyawa, tun ina yarinya nake faɗuwa wannan jarrabawa." Sai ta kama bakin hannun rigata. "Fabricio, dubi leshin nan. Aikin hannu ne, an daina yin irinsa. Dubi wuya, dubi yadda take riƙe mafici. Wannan jinin gidan nan ne mai koriyar baranda, na rantse, na san kakarta."

Wataƙila ta san ta ɗin. Wataƙila ta taɓa hango bayanta tana shanya zannuwan gado a kan rufi. Ba ni da bakin gyara mata, gaskiya ne. Amma ina da kai, da na girgiza shi. Ban girgiza ba. Na sunkuyar da ido yadda 'yan matan littafi ke yi idan an yabe su, na bar ta tana gina mini gida hawa-hawa, da karusa a ƙofa, da fiyano a falo, da uba likita. Duk ƙaryar da ta faɗa sai in ji ta sauka a jikina kamar ruwan ɗumi. Fabricio ya riƙe mini laima. Ban so shi ba, Evelio, na rantse da Wanda ya halicce mu, ko fuskarsa ba zan iya kwatanta maka yanzu ba. Wadda suke gani nake so. Ita na ƙaunata a wannan layi, wannan yarinyar da ba ta taɓa ɗaukar bokitin ruwa zuwa hawa na uku ba.

Sai ga ka.

Kun fito daga lungun da ke gangarawa bakin ruwa, kai da abokin aikinka Chucho, da doguwar azara a kafaɗa, kai a gaba shi a baya. Farar ƙasa ta rufe ka daga gashi har takalmi, rigarka ta manne da gumi, wandonka a yage a gwiwa, inda na yi alkawarin ɗinkewa ban ɗinke ba. Kana ganina fuskarka ta buɗe kamar teku idan gari ya waye. Ka ɗaga murya, dandali duka ya ji: "Ida! Raina! Chucho, tsaya ka ga gimbiyata. Ba na ce maka ta fi duk matan Habana ba?"

Mutanen layi suka juyo. Hortensia ta matse mini hannu ta ce, "Kada ki waiwaya, 'yata. Haka leburorin nan suke, ba sa ganin mace su ƙyale ta." Fabricio ya matsa gaba ya ce maka, "Bawan Allah, kama hanyarka. Wannan ba sa'arka ba ce." Kai kuwa ko dubansa ba ka yi ba. Ni kake kallo, kana murmushi har lokacin, kana jira. Ka san ina shiru, ba magana kake jira ba. Yatsan nan kake jira, ko ɗaga gira, ko hararar nan ta safe. Duk birnin nan, wa bai san ma'anar yatsa a kan leɓe ranar rimi ba? Da na ɗaga shi, da layin duka ya yi dariya, da wata tsohuwa ta ce maka ka bar baiwar Allah ta gama roƙonta, da ka wuce kana taƙama.

Na buɗe maficina na rufe fuskata.

Ta tsakanin haƙarƙarin maficin na ga murmushinka yana mutuwa a hankali, kamar fitilar da mai ya ƙare mata. Chucho ya ce, "Aboki, azarar nan fa ba auduga ba ce." Ka gyara ta a kafaɗarka. Ka dubi Fabricio, ka dubi dattijuwar, ka ce cikin muryar da ban taɓa jin ta a bakinka ba, murya mai ladabi, "Ku yi haƙuri. Na ɗauka matata ce." Kuka wuce.

Wace wuƙa ce a littattafaina ta kai wannan kaifi? Na karanta mazajen da aka ci amanarsu suna zare takobi, suna faɗawa teku, suna la'antar sama da ƙasa shafi bayan shafi. Ba wanda na taɓa gani ya ba da haƙuri, ya gyara kayansa a kafaɗa, ya koma aiki.

Da layi ya zo kaina na shiga ta ƙofar ƙarfen shingen da ya kewaye wurin, na ɗora tafin hannu a jikin rimin, na fara zagaye. Jikinsa ya yi santsi saboda hannuwan masu roƙo. A zagayen farko na nemi fuskar ɗan da zan roƙa, sai na ga idanunka ta tsakanin mafici. A na biyu na ce bari in roƙa wa ƙafarka tsari, sai wata murya a cikina ta ce, da wane baki? A na uku ko tuna baranda ban yi ba. Na jefa 'yar tsabar kuɗina a gindinsa kamar kowa, na fito hannu wofi. Na kiyaye shirun har ƙarshe, ko tari ban yi ba, amma ban roƙi komai ba. Hortensia na jirana a bakin ƙofar ƙarfe, ta ce, "To, baki ya buɗe. 'Yar wane gida ce?" Ka ga, Allah ya sake ba ni dama. Maganar ba tsawo gare ta ba: matar wancan magini ce. Tana kan harshena, ina jin nauyinta. Na tattare rigata na ruga.

Na neme ka dandali bayan dandali, ni da na san su kamar ɗakunan gidan uwata, amma ranar kowanne ya juya mini baya. Na isa Dandalin Tattabaru ina haki. Zakokin dutsen nan na maɓuɓɓugar ruwa, waɗanda muka zauna a gindinsu ranar da ka fara saya mini gyaɗa a ƙunshin takarda, suka dube ni da idanunsu marasa ƙwaya kamar ba su taɓa ganina ba. Wata yarinya mai bikin cika shekara sha biyar tana ɗaukar hoto cikin riga mai faɗi kamar ƙararrawa. Ubanta na tsaye gefe da kayan gareji a jikinsa, yana riƙe mata takalman canji, ita kuma tana jan hannunsa tana cewa lallai sai ya shiga hoton. Na kawar da kai. Na koma wajen Babban Coci, na leƙa kowane lungun da na ji ƙarar guduma. Leshin ya kama ƙusa ya yage, ban tsaya ba.

A Tsohon Dandali na sami mutanenku zaune a inuwar rumfa suna cin abincin rana, a gindin gidan da kuke gyarawa. Ka san wane gida ne. Shi ne wanda ka hau da ni wata Lahadi, farkon aurenmu, lokacin ba kowa a cikinsa sai jemagu da warin tsohon katako. Ka riƙe hannuna a matakalar da ta ruɓe kana cewa taka nan, kada ki taka can, har ka fito da ni barandar hawa na sama. Ka ce, "Ga barandarki, gimbiya. Aro ce fa, rana na faɗuwa za a karɓa." Ka sauka da gudu ka tsaya a tsakiyar fili, ka cire hula ka dafa ƙirji, kana rera mini waƙa da muryarka mai kama da ta ƙofar da ba a sa wa mai ba. Tsofaffin da ke wasan domino suka dakata, ɗaya ya ce, "Yarinya, don Allah jefa masa wani abu ya yi shiru." Ba ni da fure, sai na cire takalmina ɗaya na jefo maka. Ka cafe shi ka sumbace shi, dandali ya ɗauki tafi. Ranar ba ka damu da zama abin dariya saboda ni ba. Ranar iska na ɗauke da ƙamshin teku da na gahawa, sama ta yi launin cikin gwaiba, ni kuma na ce a raina babu littafin da ya kai wannan. Ina wannan yarinya ta tafi, Evelio? Wa ya sace ta ya bar mini rigarta?

Chucho ne ya fara hango ni. Ya ajiye cokali, ya miƙe, ya cire hula ya rusuna har ƙasa. "Ranki ya daɗe, wa ake nema? Nan duk leburori ne, a yi hankali kada farar ƙasa ta taɓa leshi." Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi, da ya fi mini sauƙi. Na ce ina Evelio. Ita ce maganata ta farko a ranar. Wani dattijo a cikinsu ya amsa bai ko ɗago kai ba: "Ya ce kansa na ciwo. Ya hau jirgin fito." Kwanon abincinka na nan a kan bulo a rufe, shinkafa da baƙin wake da soyayyar ayabar da na zuba maka da safe, ba ka taɓa ba. Na ɗauka na rungume shi a kan leshin, na bi titi da shi har gida.

Tun ranar kana Regla wurin Mima. Na san kana tsallakowa aiki kowace safiya, domin daga tagarmu ina jin gudumarku, har ina ganin kamar zan iya ware taka a cikinsu. Tsakanina da kai 'yan tituna ne, amma sun zame mini teku. Idan zan je karɓo burodi sai in yi dogon zagaye don kada in ratsa dandali. Ni da ba na iya wuni ban taka waɗannan filaye ba, ni da nake ba kowace taga labari, kowace ƙofa masoya, yanzu ina bin bango kamar ɓera. A layin ruwa maƙwabciyarmu ta ƙasa ta ce mini, "Ida, waƙar matakala ta ɗauke kwana biyu. Ko mawaƙin ya tafi neman murya?" Na ce aiki ne ya yi yawa. Ta ce, "Allah ya rage," ta tura mini bokitina gaba da ƙafarta, matan suka dubi juna.

Ɗakinmu ya yi mini faɗi. Rigarka ta zaman gida na rataye a ƙusa, nakan sa fuskata a cikinta kamar mai neman inuwa a filin da ba itace. Ina ƙishirwarka yadda ƙasa ke ƙishirwar ruwa a ƙarshen rani, ina kewar takunka, da tarinka, da yadda kake ajiye takalma inda na hana. Na buɗe littafi ko zan sami sauƙi, na tarar da basarake durƙushe gaban masoyiyarsa, sai na ji muryarka yadda kake tambayata idan ina karanta maka: "Shi wannan basaraken, yaushe yake zuwa aiki?" Na yi dariya ni kaɗai, dariyar ta juye kuka.

Jiya Mima ta zo. Ta hau matakala tana hutawa a kowane hawa, ta zauna a kujerarka, na ba ta gahawa. Ta kurɓa ta ce, "Ruwa ya yi yawa." Sannan ta ce, "Mijinki na faɗa wa kowa shirun rimi ne ya hana ki amsa shi. Ya faɗa wa maƙwabta, ya faɗa wa Chucho, ni kuwa kullum sai ya faɗa mini, ko tambayarsa ban yi ba. Ki aika masa cewa haka ne, zai kwaso kayansa ya dawo. Tsani yake nema ya sauko." Zuciyata ta yi tsalle kamar kifi a kwando. Ashe ƙofa a buɗe take, ashe kalma ɗaya ce tsakanina da kai. Sai Mima ta juya kofin a hannunta, ta dubi taga ta ce, "Ni dai na yi shirun nan tun uwarki ba ta fara tafiya ba. Baki ake ɗaurewa, 'yata. Ban taɓa jin an ɗaure hannu ba." Ta ajiye kofin. Ta tambaye ni ko ina da ragowar farin zaren ulu, na ce babu. Ta ce gobe za ta biyo ta karɓi saƙona, ta tashi.

Ka ga, alherinka ya fi mini fushinka zafi. Ni na ɓoye maka fuskata a gaban mutane, kai kuma kana bi gida-gida kana rufa mini asiri da mayafin da ka san yagagge ne. Ka ga idona ranar, ka san abin da ka gani. Idan na karɓi wannan uzuri za ka dawo, na sani. Za ka rataye jakarka, ka ci abinci, ka ce waken ya yi daɗi. Amma ba za ka sake kirana daga nesa a cikin mutane ba. Za ka riƙa duba kayan jikinka kafin ka ɗaga mini hannu. Za ka gan ni a titi ka jira ni in fara. Wannan muryar da ke cika dandali da sunana za ta koma 'yar ƙarama mai neman izini, ni ce kuma na kashe ta. Yaya zan kwana kusa da kai shekara da shekaru ina sane da haka? Yaya zan haifa maka ɗa a kan wannan shimfiɗa?

Saboda haka ga gaskiyar, na ajiye ta a gabanka ba lulluɓi. Ba rimi ne ya hana ni ba, ba al'ada ba ce, ba Hortensia ba ce, ba kuma littattafai ba ne, ko da yake na so in ɗora musu. Na ji kunyar a ce kai ne mijina. Na ji kunyar farar ƙasar da ke jikinka, ita da ke kawo burodin da nake ci da littattafan da nake kuka a kansu. Na ɗan lokaci ne, bai wuce a buɗe mafici a rufe ba, amma na ji, kuma na zaɓi baƙi biyu da ba su san sunana ba na bar ka. Na rubuta yanzu, ba ya gogewa. Ina sane wannan takarda na iya rufe ƙofar da ka bar mini a buɗe. Amma ba zan yaga ta ba.

Ya hasken idona, ya gishirin kwanakina, ya bangon da nake jingina ban taɓa tambaya ko ya gaji ba, ba na roƙonka ka manta. Ina roƙonka ka yi fushi da ni yadda ya kamata. Ka yi mini tsawa, ka ƙi cin abincina, ka faɗa mini abin da ka haɗiye a ƙarƙashin azarar nan. Na fi son hadarinka da walƙiyarsa a kan wannan sama mai tsabta da ba ruwa a cikinta. Ba zan yi maka alkawarin daina karatu ba, ka san ƙarya zan yi, ni kuwa na gama da ƙarya. Ba zan ce na daina son baranda ba. Abin da zan iya rantsuwa a kai shi ne wannan: muddin teku na dukan katangar birnin nan, muddin damina na bin rani, ni taka ce, ka dawo ko ba ka dawo ba. Idan ka yafe, taka ce mai godiya. Idan ka ƙi, taka ce mai jira, har gashina ya yi fari, har idona ya daina ganin rubutu.

Yau da yamma Mima za ta kawo maka wannan takarda. Ka karanta ta da wuri, don kada gobe ta zo maka ba shiri. Gobe da safe zan tsaya a tashar da jirgin fito ke sauke ku, da rigata ta gida. Zan raka ka har wurin aiki, ta tsakiyar dandali, ba ta lungu ba, a gaban duk wanda ke wurin. Idan ka ba ni hannunka, zan riƙe. Idan ka hana ni, zan bi ka a baya.

Matarka,
Idalmis